Laftof ɗina ta yi nauyi, in ɗora mata Windows 11 ko in ƙyale ta?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon tambayoyin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato canza Windows da nauyin kwamfuta, shi ya sa na zaɓi guda uku da amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya ta farko daga wani mai shagon buga takardu a Zariya: Malam ina da HP EliteBook 840 G3 ta hannu, ram ɗinta 4GB, Windows 10 ce a kai. Wallahi in na kunna ta da safe sai na share shago na gama kafin ta buɗe, ga wani saƙo da take ta nuna min wai an daina kula da Windows 10. Mai gyara ya ce in kawo ya saka min 11 za ta koma kamar sabuwa. In kai masa?

Amsa: Ɗan'uwa kar ka kai tukuna, matsala biyu ka haɗa wuri ɗaya kuma maganinsu daban. Saƙon da kake gani gaskiya ne, Microsoft ta daina fitar wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, amma wannan ba ya nufin kwamfutar za ta daina aiki, za ta ci gaba da kunnuwa tana buga takardu kamar kullum, illar dai duk wata ɓaraka da masu kutse suka gano bayan ranar ba mai toshe ta, kuma kai da kwastomomi ke zuwa kowa da filas ɗinsa yana cusawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai shirin ƙarin wa'adi da suke kira ESU wanda ke ba Windows 10 gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba 2026, sai dai dole Windows 10 ɗinka ta kasance fitowar ƙarshe da ake kira 22H2, kuma ka shiga da asusun Microsoft, ko ka biya dala 30 ko ka yarda a ajiye saitin kwamfutarka a asusun a ba ka kyauta.

Toh maganar 11 kuma. Ita 840 G3 furosesanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel ne zubi na 6, su kuma Microsoft jerin furosesan da suka amince a ɗora wa 11 ya fara ne daga zubi na 8 zuwa sama, in AMD ce daga Ryzen 2000. Kenan a ƙa'ida taka ba ta ciki. Abin da mai gyaranka zai yi shi ne ya haɗa filas da wata manhaja mai suna Rufus ya tsallake binciken da Windows 11 ke yi wa kwamfuta kafin ta hau, kuma za ta hau, za ta yi aiki, ban ce ƙarya yake ba. Amma ka sani Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfutar ba ta ɗauki alkawarin ba ta sabuntawa ba, kuma babbar sabuntawar da ake yi duk shekara ba ta zuwa mata da kanta, sai ka sake komawa wajensa. Inda ban yarda da shi ba sam shi ne cewa za ta koma kamar sabuwa. Windows 11 ta fi 10 cin ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ka ɗora ta a kan 4GB kamar ka ƙara wa jakin da ya riga ya gaji mangala ne. Saurin da mutane ke gani a makon farko na goge tarkacen da suka taru ne, ko 10 ɗin aka sake sakawa haka za a gani.

Ga abin da nake so ka yi yau ɗin nan kafin ka kashe ko sisi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Ka kalli inda aka rubuta Disk, in ka ga HDD, wato tsohon nau'in hadis, a ƙarƙashinsa kuma yana ta tsayawa a 100% alhali ba ka buɗe komai ba, to ga ɓarawon nan. Shi tsohon hadis faifai ne ke juyawa a ciki sau 5400 a minti, wata 'yar allura tana bin sa tana neman fayil ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar yake wuce MB 100 a daƙiƙa, shi kuwa SSD, sabon nau'in ma'ajiyar, ko na talaka ne yana kai MB 500 kuma ba abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa kwamfutar da ke cin minti biyar kafin ta tashi sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. Don haka ka canza hadis ɗin da SSD, mai 256GB ya ishi aikin shago. Sannan ita G3 ramin ram biyu gare ta, nau'in DDR4, ka ƙara 4GB ta zama 8GB. Waɗannan biyun su ne gyaran, kuma ko gobe ka yanke shawarar hawa 11 ta hanyar Rufus ɗin, da su za ka hau. In za ka saya a Farm Centre ko ina ne ma, ka sa a buɗe manhajar CrystalDiskInfo a gabanka ka ga lafiyar SSD ɗin da awannin da ya yi yana aiki, don ana sayar da tsoho a kwalin sabo. Tsohon hadis ɗin kuma kar ka bar wa mai gyara, ka saya masa ɗan gida na USB ya zama ma'ajiyarka.

In kuma wata rana za ka canza laftof gaba ɗaya, ka kalli lambar furosesa, i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne, lambar farko bayan ɗan layin ita ke faɗa, daga zubi na 10 zuwa sama kuma lambobi biyun farko. Kar wani ya ruɗe ka da cewa ai Core i7 ce, i7 ta zubi na 6 ma ba ta cikin jerin.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a Kano: Tawa Dell ce zubi na 8, ram 8GB, ina so in hau Windows 11 amma PC Health Check, manhajar da ke duba ko kwamfuta ta cancanta, ya ce wai babu TPM. Kuma ina tsoron furojet ɗina ya ɓace, ga tsadar data. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata taki mai sauƙi ce insha Allah. TPM wani ɓangaren tsaro ne a cikin kwamfuta da Windows 11 ke nema, kuma kwamfutar zubi na 8 da wuya a ce ba ta da TPM 2.0, yawanci kashe shi aka yi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ki danna maɓallin Windows da R ki rubuta tpm.msc, in ya ce bai samu ba sai ki kashe ta ki kunna kina danna F2 tunda Dell ce (masu HP F10, masu ThinkPad F1), ki nemi Security, za ki ga TPM ko PTT, a na AMD kuma fTPM ake rubutawa, ki kunna ki yi sabin ki fita. Ki duba Secure Boot ma a nan, shi ma saitin tsaro ne da Windows 11 ke dubawa. Don Allah kar ki taɓa abin da ba shi kika je nema ba.

Furojet kuma, kafin komai ki kwafe shi wuri biyu, filas ɗaya da imel ɗinki ko Google Drive, ki buɗe kwafin ki tabbatar shi ne na ƙarshen da kika gyara. Hawa 11 ta Windows Update ba ya goge fayiloli, kyauta ne kuma in Windows 10 ɗinki mai lasisi ce, amma abin da ke ɓata aikin a wajenmu ɗauke wuta ne, batir ya mutu ana tsakiyar sakawa. Ki bari sai ranar da ta cika fam kuma caja na jiki, in batirinki na minti ashirin ne ki je inda ake da sola ko janareto. Data kuwa ki tanadi abin da bai gaza GB 8 ba don bayan ta hau ma sai ta ja wasu sabuntawar, in akwai wayifai a makaranta ki yi a can. Da kin gama ki shiga saitin hotspot ɗin wayarki a kwamfutar ki kunna Metered connection mai sa Windows ta rage jan data, sannan a Delivery Optimization ki kashe ba wa wasu kwamfutoci sabuntawa, in ba haka ba za ki yi ta zargin kamfanin waya alhali Windows ce ke shanyewa.

Abu biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Kina da kwana 10 kacal da za ki iya komawa 10 in sabuwar ba ta yi miki ba, ta Recovery, muddin ba ki goge folda mai suna Windows.old ba. Na biyu kuma shi ya fi damuna, sababbin Windows 11 sukan kulle hadis da BitLocker in an shiga da asusun Microsoft, mabuɗin mai lamba 48 ne yana ajiye a asusun, to in mai gyara ne ya buɗe miki asusun da imel ɗinsa ko wani wanda kika manta fasuwod ɗinsa, ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin ba mai iya buɗe miki fayilolin. Ki yi amfani da imel ɗinki, ki rubuta lambar a takarda ki adana.

Tambaya ta uku daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta a Maraɗi: Tawa Windows 7 ce mai ram 2GB, jikana ya saka min manhajojin ƙara sauri da antibairos biyu amma sai zafi take tana mutuwa da kanta.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. Mutuwar da take yi da kanta kariya ce, in furosesa ya yi zafi fiye da kima sai ya kashe kansa kada ya ƙone. Ku sa a buɗe ta a hure fankar, za ku sha mamakin ƙurar hunturun da ta daskare a bakin inda iska ke fita har ta zama kamar auduga, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo, kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma don ta ƙasa take shaƙar iska. Manhajojin ƙara saurin nan ku ce wa jikan ya cire su duka, su kansu ram suke ci, antibairos biyu kuma faɗa suke da juna, ɗaya ya isa.

Ita Windows 7 an daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya mata, don haka ina roƙonku kada ku shiga banki da ita. Windows 11 ba za ta hau 2GB ba, mafi ƙarancin da take nema 4GB ne. In rubutu ne da karatu da sauraron wa'azi aikinku, a gwada muku Linux Mint nau'in Xfce, kyauta ce, tana zuwa da Firefox da LibreOffice mai buɗe takardun Word, kuma ana iya kunna ta daga filas ku gwada ku ga ko firintarku da wayifai suna aiki kafin a goge komai. Sai dai a fara dubawa ko furosesan 64-bit ne, don sababbin Mint ba sa hawa na 32.