Yayana Ya Sayar Da Gonar Gadonmu, Na Kasa Mantawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina neman kuɗi a Legas mahaifinmu ya rasu. Da aka share makoki na bar wa yayana takardun gonar da muka gada, na koma. Ashe ya sayar, ya ce wa mai saye duk magada sun yarda. Shekara 4 ke nan da na sani. Mahaifiyarmu ta ce in bar wa Allah, na ce na yafe, amma ko muryarsa na ji sai ƙirjina ya yi zafi. Ba ma gaisawa. Ina da laifi?

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku.

Abin da yayanka ya yi cin amana ne, kuma zalunci ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Zamansa babba bai ba shi ikon taɓa rabonka ba. A mazhabar Malikiyya, wanda aka sayar da kayansa ba ya nan yana da zaɓi idan labari ya iske shi: ya zartar da cinikin ko ya warware. Idan ya ji ya yi shiru har lokaci ya ja, cinikin ya zauna, sai dai ya bi kuɗin. Ni a ganina shekara 4 ta yi nisa, gonar da wuya ta dawo, amma alƙali ne mai yankewa. Kuɗin rabonka kuwa bashi ne a wuyansa. Sai dai ka tambayi kanka: da ka ce ka yafe, kuɗin ka yafe da yardar ranka, ko kunyar mahaifiya ce ta sa ka faɗa? Idan ka bar masa ne da gaske, kyauta ta tabbata, kada ka koma. Idan ba haka ba, ka nemi haƙƙinka ta hannun kawunanku ko limamin unguwa, in ya ƙi sai kotu. Neman haƙƙi ba yanke zumunci ba ne. Mu a nan da an ce "a bar wa Allah", kusan kullum wanda aka cuta ake nufi, ba kasafai ake zaunar da wanda ya ci a ce ya mayar ba.

Zafin da kake ji kuwa ba zunubi ba ne. Wahshi ne ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Daga baya ya zo ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, bai ɗauki fansa ba, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Hadisin yana cikin Bukhari. Dubi wannan da kyau. Mafi tausayin halitta ne, ya yi afuwa, amma ganin fuskar yana tayar masa da mikin baffansa. Annabi Yaƙub ma, da 'ya'yansa suka raba shi da Yusuf, ya ce haƙuri mai kyau zai yi, duk da haka baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, kamar yadda aya ta 84 ta Suratu Yusuf ta faɗa. Masu yi maka wa'azi da yafiyar Annabi Yusuf su tuna cewa a aya ta 91 'yan'uwansa suka amsa laifinsu, sannan a ta 92 ya ce babu zargi a kansu. Yayanka ya taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure? Yafewa kafin ya nema falala ce babba, amma ba a tilasta zuciya.

Inda nake ji maka tsoro shi ne gabar da kuke yi da yayanka. Bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana 3 ba, balle wanda kuka sha nono ɗaya. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa sallama tana fitar da mutum daga gaba, kuma bai kamata ya daina magana bayan sallamar ba. To ka yi masa sallama idan kun haɗu a ɗakin mahaifiyarku, ka duba shi in ya kwanta ciwo, ka je suna da jana'iza a gidansa. Kada ka hana 'ya'yanka shiga wajen nasa, ba su suka sayar da gona ba. Ka kuma ja wa mai ɗakinka kunne, don irin wannan rigima idan ta shiga cikin gida tsakanin mata, takan daɗe fiye da masu ita.

Amma sake ba shi ajiyar takarda ko haɗa jari da shi, shari'a ba ta ɗora maka ba. Ba a sarar mumini sau biyu a rami ɗaya. Idan akwai sauran gadon da ba a raba ba, ku raba yanzu a gaban shaidu, a rubuta, tun mahaifiyarku tana raye.

Wallahu a'alam.