Shin tonon kufai yana rushe bangaskiya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a makarantar tauhidi, burina in karanci ilimin tonon kufan ƙasashen Littafi Mai Tsarki. Wani dattijo a majami'armu ya tsorata ni. Ya ce wani farfesa ya je neman birnin Ai na zamanin Joshuwa, ya dawo hannu rabbana. Ya kuma turo mini bidiyo a WhatsApp na ƙafafun karusan Fir'auna da aka gano a Bahar Maliya, ya ce irin wannan zan nema ko in bari. Raina ya kasa kwanciya.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Farfesan da dattijon yake nufi Joseph Callaway ne, malamin Tsohon Alkawari a makarantar tauhidi ta 'yan Baftis da ke Louisville a Amurka. Ya koyi aikin a hannun Kathleen Kenyon, wadda ta tona Yariko daga 1952 zuwa 1958. A 1964 ya fara tona et-Tell, kufan da ake ɗauka shi ne Ai, ya yi shekaru yana komawa. Ya tarar da babban birni mai ganuwa da aka rushe wajen 2400 kafin haihuwar Almasihu, daga nan wurin ya zauna kango fiye da shekara dubu, sai wajen 1200 wani ɗan ƙauye marar ganuwa ya tsiro a kai. A zamanin da ake sa Joshuwa, ba kowa a wurin. Abin ya dame shi ƙwarai, amma ya rubuta abin da tsingaro ya nuna, bai ƙara ba bai rage ba. Har gobe ana muhawara: wasu na cewa wani kufai na kusa ne Ai, wasu na cewa a sake duba yadda muke karanta Joshuwa 7 da 8. Mutumin da ya dawo da gaskiya irin wannan bai dawo hannu rabbana ba.

Bidiyon nan kuwa, shi ne ciwon da nake fama da shi kusan kullum. Tushensa Ron Wyatt ne, ma'aikacin jinya mai sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata, daga jihar Tennessee. Bai karanci fannin nan ba. Shi kaɗai wai ya gano jirgin Nuhu a Turkiyya, da karusan Fir'auna a gaɓar Nuweiba ta Bahar Maliya, da Saduma da Gwamrata, har da akwatin alkawari a ƙarƙashin Urushalima. Ya rasu a 1999 ba tare da ya ajiye ƙafar karusa ko ɗaya a gaban masana su auna ba. Abin da ya kira jirgi, masu ilimin duwatsu sun duba, tudun ƙasa ne da dutse. Hatta ƙungiyar Kirista ta Answers in Genesis, wadda ba ta wasa da labarin rigyawar Nuhu, ta yi watsi da maganarsa. Amma ga shi a wayar kowa, fastoci na haska shi a taron matasa ana tafi!

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. An koya wa mutane cewa aikin mai tono shi ne ya kawo wa Allah shaida. Yaro ya jingina bangaskiyarsa a kan hoton murjanin teku da aka ce ƙafar karusa ce, ya shiga jami'a, wani ya nuna masa ƙarya ce cikin minti biyar, sai ya zubar da hoton tare da Littafin. Na zauna da irin waɗannan samari a ofishina, ɗaya har hawaye ya yi, yana tambayata me kuma aka yi masa ƙarya a kai. Wanda ya tura masa bai ma san ɓarnar da ya yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu bi ba su da hurumin haƙa shi da sunan bishara.

Abin gaske yana nan, ba ya ihu. A 1961 aka sami dutse mai sunan Bilatus a Kaisariya. A 1993 a Tel Dan, wani kufai a arewacin Isra'ila, aka tono rubutun da ya ambaci "gidan Dauda". Duka biyun an san ramin da suka fito, ana iya zuwa a gan su a gidan adana kayan tarihi.

Ka riƙe Ibraniyanci da Helenanci da kyau tun yanzu. Ka kuma je wurin dattijon da ladabi, ka ce, Baba, ƙafar karusar nan a wane gidan tarihi take, wa ya auna shekarunta?