Mashaƙo ya shiga makarantarmu: yaushe za mu buɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata makaranta mai zaman kanta a Rigasa, muna da firamare da safe, Islamiyya da yamma. Yara biyu 'yan aji uku sun kamu da mashaƙo (diphtheria), ɗaya Allah ya yi masa rasuwa, ɗayan yana asibiti. Mun rufe makaranta, yau kwana takwas. Iyaye sun kasu biyu: wasu sun ce a buɗe ranar Litinin saboda jarrabawa ta matso, wasu sun ce 'ya'yansu ba za su dawo ba sai zango mai zuwa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri, ya ba na asibiti lafiya.

Duka ɓangarorin biyu rana suke nema a kalanda, alhali abin da ya kamata a tambaya shi ne me aka yi a cikin kwanakin da makaranta take rufe. Idan an sallami yara ne kawai aka garƙame ƙofa, ko wata guda aka yi, ana iya dawowa a tarar da cutar tana nan.

Ƙwayar bakteriya ce ke kawo mashaƙo, tana zama a hanci da maƙogwaro, tana yaɗuwa ta tari da atishawa da cuɗanya ta kusa. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yawanci kwana 2 zuwa 5 ne, amma yana iya kaiwa 10. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, akwai yaron da zai ɗauki ƙwayar bai yi ko zazzaɓi ba, yana wasansa lafiya lau, kuma yana iya sa wa wasu har tsawon makonni idan bai sha magani ba. Zaman gida ba ya kashe ƙwayar da ke maƙogwaronsa. Shi kuwa wanda aka sa wa maganin da ya dace, galibi bayan awa 48 ya daina yaɗa ta.

Saboda haka aikin farko, idan ba a riga an yi ba, ki je sashen lafiya na ƙaramar hukumar Igabi ki nemi jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DSNO. Ana kuma iya kiran hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, kyauta a 6232. Ki tafi da rajistar aji uku ta safe da ta yamma, da sunayen malaman da suka shiga ajin, da waɗanda suke zama benci ɗaya da yaran biyu, da waɗanda suke hawa Keke ɗaya da su. Kada a manta da 'yan gidansu da ke wasu azuzuwan, nan ne aka fi yin sake. Waɗannan duka za a ba su maganin kariya, ko na sha ko allura, a kuma sa musu ido na kwana 10 daga ranar ƙarshe da suka haɗu da mara lafiyar. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓi maganin da adadinsa gwargwadon shekaru da nauyin yaro. Kada a tura iyaye kemis su saya da ka.

Sai rigakafi, wanda shi ne ginshiƙin maganar. A jadawalin Najeriya jariri yana karɓar allurar Penta, mai kare shi daga cututtuka biyar har da mashaƙo, sau uku, a mako 6 da 10 da 14. Ɓarkewar da ta fara a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano kuma ta taɓa Kafanchan a 2023, mafi yawan waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba, da yawansu kuma 'yan shekarun makaranta. Ki sa kowane uba ko uwa su kawo katin rigakafi. Wanda katinsa ya ɓata kuma ba a da tabbas, a ɗauke shi a matsayin wanda bai yi ba. Manyan yara allurar Td, mai kariya daga mashaƙo da tetanus, ake yi musu: ta farko, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida. Allura ɗaya ba ta wadatar da wanda bai taɓa yi ba, don haka a rubuta ranar ta biyu a rajista tun yanzu. Ki roƙi cibiyar lafiya mafi kusa su zo su yi allurar a harabar makaranta. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta buɗewa: a makaranta za a samu yara ɗari biyu wuri guda a yini ɗaya, a gida kuwa sai an bi su lungu-lungu, wasu suna talla, wasu an tura su ƙauye wurin kaka, wataƙila ma da ƙwayar a wuya.

Idan kwana 10 suka cika babu sabon wanda ya kamu, an ba makusanta magani, an fara rigakafi, kuma jami'in lafiya ya amince, a buɗe. Ranar Litinin ta yi kusa in ba a kammala waɗannan ba, amma jiran zango mai zuwa ma ba shi da amfani. Mun ga abin da doguwar rufewar korona ta 2020 ta haifar: yara sun manta karatu, wasu 'yan mata ba su sake komawa aji ba. Kuma safe da yamma a buɗe su ko a rufe su tare, tunda yaran ɗaya ne.

Bayan an dawo, kowace safiya malamin aji ya tambayi mai ciwon wuya ko wahalar haɗiya, ya dubi wuyan ko ya kumbura. Idan aka haska maƙogwaro da tocila aka ga wata fata-fata mai ruwan toka ta manne a ciki, kada a taɓa ta, jini take yi. A sa wa yaron takunkumi, a zaunar da shi shi kaɗai, a kira iyaye su wuce asibiti kai tsaye, kamar Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. A gaya wa iyaye ƙarara kada a kai shi wurin wanzami a ce hakin wuya ne za a cire. Dafin da ƙwayar ke fitarwa yana taɓa zuciya da jijiyoyi, kuma allurar karya dafin tana aiki ne kan dafin da bai riga ya shiga naman jiki ba, shi ya sa jinkirin yini ɗaya ma asara ce.

A ɗauke moɗa ɗaya da kowa ke sha da ita a bakin randa, kowa ya zo da gorarsa. Tagogi su kasance a buɗe ko da hunturu, gara yara su sa rigar sanyi. Feshin magani a azuzuwa yana kwantar wa iyaye da hankali, amma wanke bencina da ƙofofi da sabulu da ruwan bilic ya isa, kada a zuba kuɗi a can.

Yaron da ke asibiti zai dawo bayan likita ya sallame shi a rubuce kuma ya gama maganinsa na kwana 14. Shi ma a yi masa rigakafi, domin kamuwa da mashaƙo ba ta tabbatar da kariya. A ɗauke masa guje-guje da motsa jiki na wasu makonni, kuma idan ya fara haki, ko muryarsa ta koma ta hanci, ko ruwa na fitowa ta hancinsa in ya sha, a mayar da shi asibiti a ranar.