Amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa karatun jinya a Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya shigo tare da na masu cewa in nemo musu aiki ko in tura kuɗin biza. Naki na fara ɗauka, don ke kaɗai kika tambayi abin da zai amfane ki: yadda ake raba kalmar hypoglycaemia, wato faɗuwar suga a jini, gaɓa-gaɓa, da yadda ake furta ta.

Gaɓa shida ce: hy-po-gly-cae-mi-a. A kunnenmu, hai-po-glai-SII-mi-ya. Nauyin murya na kan gaɓa ta huɗu. Wannan c ɗin s ce, ae kuma doguwar ii. Kada ki cusa wasali tsakanin g da l yadda muka yi wa gilashi. Ita kuwa p, ki haɗe leɓɓanki sosai, don bakinmu ya saba mayar da ita f.

Amma inda nake so ki buɗe kunne shi ne gaɓa ta biyu. Kalmar tana da 'yar'uwa, hyperglycaemia, ita ma gaɓa shida, nauyi a wuri ɗaya. Hypoglycaemia suga ne ya faɗi, a nan Ingila ƙasa da 4 a awon sugan jini ake nufi. Hyperglycaemia kuwa suga ya hau. Yawancin Turawan Ingila ba sa furta r ɗin hyper, saboda haka “haipo” da “haipa” ne kawai bambancin, ga su da sauri, ga hayaniyar ɗakin marasa lafiya da dare. Wanda sugansa ya faɗi abu mai zaƙi yake buƙata nan take. In aka ji ki ba daidai ba aka yi masa allurar insulin mai ƙara sauke suga, ana iya rasa shi. Shi ya sa ba na faɗin kalmar ita kaɗai a waya. Sai na haɗa da lamba: sugansa 3.1 ne, ya faɗi.

Abin da ya fi ci mini rai farkon zuwana ba sanyi ba ne. Ina waya da likita kan wani dattijo mai ciwon suga, ya ce in maimaita, na maimaita, sai wata abokiyar aiki ta zare wayar daga hannuna a gaban ɗalibai ta faɗi abin da na faɗa. Ni da na yi shekaru ina riƙe ɗaki guda a asibiti a gida! Yau sababbin zuwa ni ake turo wa in koya musu miƙa rahoton aiki, kuma da gumina na kai nan.

Kada ki ruɗu da cewa kin ci Turanci a WAEC. Hukumar NMC mai rajistar nas-nas tana neman 7 a sashen magana na jarrabawar Turanci ta IELTS, furuci kuma yana cikin abubuwa huɗu da ake auna wa a sashen. Ki buɗe ƙamus ɗin Cambridge a intanet, ki danna muryar Ingila, ba ta Amurka ba, ki tafa hannu a kowace gaɓa, ki naɗi muryarki a waya. Ki turo mini ranar Lahadi in saurara, ranar ba ni da aiki. Ki gaida Umma.