Amsa ga mai tambayar kyamarar DSLR ta farko

Malam, ka ce kana son barin hoton waya ka koma DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki wadda ake canza wa gilashi, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin Canon da Nikon. Gaskiya a matakin ɗan koyo, hoton da su biyun ke fitarwa bai da wani bambanci da ido zai kama. Gilashin (lens) da za ka ɗaura a gaba shi ya fi yanke kyan hoto, don haka kada gangar jikin kyamarar ta cinye maka kuɗin duka.

A ɓangaren Nikon akwai D3500 ta shekarar 2018. Ba ta da nauyi, batirinta kuma yana kai hoto 1,550 a caji ɗaya bisa gwajin kamfani, sai dai allon bayanta a kafe yake. D5600 ta fi ta wurin allo mai juyawa da ake taɓawa, da wuraren saiti, wato ɗigogin da kyamara ke daidaita hoto a kansu ya fito tar, 39 maimakon 11. A Canon kuwa, 2000D tana da araha amma tana da sanyin jiki, hoto uku kacal take ɗauka a daƙiƙa. In har bidiyo na cikin lissafinka, 250D ta fi dacewa, domin saitinta yana bin fuska sumul idan kana kallo ta allo. Dukkansu megafiksel 24 ne ko kusa, saboda haka cire wannan lambar daga ranka.

Yawanci za su zo maka da gilashin 18-55mm. Karɓe shi, yana koyar da mutum, amma buɗarsa, wato faɗin ƙofar da haske ke shiga, f/3.5 ce zuwa f/5.6 (ƙaramar lamba ta fi shigar da haske). Da zarar ka zuƙo hoto sai hasken da ke shiga ya ragu, kyamara ta rage saurin shata (labulen da ke buɗewa ya rufe yayin ɗaukar hoto), hoton cikin ɗaki ya fito da rawa. Masu farawa da yawa sai su ɗora wa kyamara laifi. Maganin shi ne ƙaramin gilashi marar zuƙowa mai f/1.8, wanda a ƙarshen zuƙowar wancan yake shigar da haske kusan ninki goma. A Canon nemi EF 50mm f/1.8 STM, a Nikon kuma AF-S DX 35mm f/1.8G. Ka lura sensar waɗannan kyamarori, wato farantin ciki da hoto ke sauka a kai, ƙarama ce, sai an ninka lambar gilashi da 1.6 a Canon, 1.5 a Nikon. Wato a Canon 50mm zai zame maka kamar 80mm: yana da daɗi wajen hoton fuska, amma a ƙaramin ɗaki sai ka jingina da bango kafin mutum uku su shiga.

Ga tarkon da ke kama mutane a Nikon. D3500 da D5600 ba su da injin saiti a jikinsu. In ka sayi tsohon 50mm f/1.8D don arha, zai ɗauru lafiya lau, amma da hannu za ka riƙa murɗa shi. Duba rubutun AF-S ko AF-P a jikin gilashi kafin ka biya. Canon ma tana da nata: 250D da 4000D ba su da ɗigon ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, wasu filashan da ba na Canon ba ba sa tashi a kansu.

Tun 2018 kamfanonin biyu suka karkata zuwa kyamarori marasa madubi, sabbin DSLR sai ƙara wuyar samu suke. Wannan ya sa ta hannu ta yi sauƙi, kuma gilasanka ba za su zama asara ba, da adafta suna aiki a marasa madubin, Canon R da Nikon Z. In ta hannun za ka saya, tambayi yawan hotunan da shata ta ɗauka. Irin waɗannan ana ƙiyasta musu wajen 100,000, wadda ba ta wuce 20,000 ba da sauran ta. Sa buɗar gilashi a f/16, ɗauki farin bango, sannan ka girmama hoton. Ɗige-ɗige baƙaƙe ƙura ce, ana goge ta, amma layi ko karce a sensa, ajiye musu kayarsu. Cire gilashin ka haska tocila ta cikinsa. In ka ga farin zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce daga laima, tana cin rufin gilashin kuma gyaranta kan fi kuɗinsa. Ɗauki hotuna goma a jere ka ji ko madubi na sarƙewa, ka tabbatar caja da batir na asali ne.

Riƙe ta a hannu kafin ka yanke shawara, wani marikin D3500 yake masa daidai, wani kuma ƙaramin yatsansa ke reto. Ware ɗan kuɗi don katin SD mai 32GB ko 64GB mai alamar U3, da batir na biyu. Mai ƙafa uku da filasha su jira tukuna. Daga ranar farko ka bar Auto, ka koma kan A a Nikon ko Av a Canon, kai ka zaɓi buɗa, kyamara ta zaɓi sauri, kuma da gilashin 50mm kada ka bari saurin ya sauka ƙasa da 1/80 na daƙiƙa in a hannu kake riƙe da ita.