Yadda za ki zana majami'ar Lincoln ba tare da hasumiyoyin sun karkace ba

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Nottingham ta ƙasar Ingila, ina koyon zane da fentin ruwa. Na je Lincoln na zana babbar majami'ar nan ta kan tudu, amma hasumiyoyin suka fito a karkace, launin dutsen kuma ya zama kamar taɓo. Ina son in koma. A ina zan zauna, da wane lokaci? Kuma ana barin wanda ba Kirista ba ya shiga ciki?

Amsa: Malama, da alama kin zauna a gindin ginin ne, a filin da ke bayan ƙofar Exchequer Gate, inda yawancin baƙi ke tsayawa. Nan ne asalin karkatar. Hasumiyar tsakiya tsawonta ya kai mita 83, don haka wanda ke kusa dole ya ɗaga kai, kuma da zarar an ɗaga kai sai layukan tsaye su riƙa matsowa juna ta sama. Ki ga ƙofa da kai a daidai, ki ga hasumiya da kai a ɗage, sannan ki haɗa su a takarda ɗaya, ai dole gini ya yi kamar zai kife. Maganin shi ne ki ja da baya har sai ginin duka ya shiga idonki ba tare da kin motsa wuya ba.

Wurare biyu nake ba ki shawara. Na farko saman ganuwar fadar Lincoln, wadda ke fuskantar majami'ar ta yamma. Ana biyan kuɗi kafin a hau, hanyar kuma siririya ce, sai dai ki yi zanen fensir a tsaye. Na biyu, wanda na fi so ga mai koyo, bakin ruwan Brayford ne, can ƙasan gari kusa da jami'a. Daga nan za ki ga jajayen gidaje suna hawa tudu, majami'ar tana zaune a kansu, nisan kuma zai ɓoye miki sassaƙe-sassaƙen da ke ruɗar da hannu. Peter De Wint, wani mai zane da fentin ruwa wanda ya rasu a 1849, ya sha zana Lincoln daga nesa haka, kuma akwai ayyukansa a gidan zane na Usher da ke gangaren tudun. Ki leƙa su kafin ki buɗe akwatin fentinki.

Kafin ki ja layin farko, ki ɗaure makulli a bakin zare ki sake shi ya rataya a gabanki, kamar yadda magina ke gwada bango. Ki rufe ido ɗaya ki daidaita zaren da gefen kowace hasumiya. Sannan ki ja layi kwance mara nauyi daidai da tsayin idonki. Tunda kina ƙasa da ginin, duk layin rufi da ke nisanta daga gare ki zai gangaro zuwa wannan layi. Ki kuma auna da fensir, hannu a miƙe, kada ki dogara da abin da kika sani. Hasumiyar tsakiya ta fi biyun yamma tsawo, amma daga kan ganuwa biyun nan sun fi kusa da ke, sai su tashi a ido fiye da yadda kike zato.

Fuskar ginin yamma take kallo. Da safe tana cikin inuwa, duk ta zama toka-toka. Sai bayan azahar rana ke zagayowa kanta, dutsen ya yi ruwan zuma. A bazarar Ingila kina da haske har bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4. Inuwa ba ta jiran kowa, don haka ki shata iyakarta da fensir tun farkon zama, ki bi wannan shatar ko da rana ta gusa.

Batun taɓo kuwa, abu biyu ke kawo shi: cakuɗa launuka da yawa, da komawa da buroshi kan fentin da bai gama bushewa ba. Launi uku sun ishe ki: rawayar ƙasa da ake kira oka, jar ƙasa ta siyena, da shuɗin altramarin. Ki nemi takardar auduga mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ki manne gefunanta huɗu a kan allo, da buroshi mai lamba 12 da ƙarami mai lamba 4. Fara da sama. In ta bushe, ki shafe ginin duka da oka tsararo, ruwa ya fi fenti yawa nesa ba kusa ba. Ki taɓa da bayan yatsa, in kin ji sanyi to da saura. Danshin ƙasar nan yana jinkirta bushewa ƙwarai, shi ya sa yana da kyau ki riƙe takarda biyu, kina aiki a ɗaya, ɗayar tana shan iska. Daga nan ki haɗa shuɗi da siyena ki zuba inuwa da shafa ɗaya, ki ɗauke hannu. Fentin ruwa yana yin haske in ya bushe, don haka ki ɗan ƙara masa duhu tun farko. Tagogi su ne na ƙarshe, da wannan haɗin amma mai kauri. Baƙin fenti kada ya kusanci takardar, kamar huda zai fito a zanen.

Abu ɗaya kada ki bari ya ɓace ko da kin rage ado. Tsakiyar fuskar yamma ragowar ginin farko ne, wanda Bishop Remigius ya fara a 1072, kuma bakunan ƙofofinsa zagaye suke. Bayan girgizar ƙasar 1185, Bishop Hugh ya soma sabon gini a 1192 da bakuna masu tsini, daga baya aka kewaye tsohuwar fuskar da su. Wanda ya mai da su duka iri ɗaya ya zana wata majami'a ce daban.

Shiga kuwa, ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a tambayar addini, ba a cire takalmi, hijabinki ma ba wanda zai ce miki komai. Masu yawon kallo suna biyan kuɗin shiga. In kika tarar ana ibada, ki ajiye waya, ki rage murya. Ki tambayi masu kula da wurin kafin ki zauna zane, kuma a ciki ki tsaya kan fensir, ki bar ruwa da fenti a jaka. Ki duba manyan tagogin nan biyu masu zagaye, na arewa da na kudu, da ɗan sassaƙen aljanin nan na Lincoln da ke maƙale can saman ginshiƙi a ɓangaren gabas.

Daga Nottingham jirgin ƙasa kamar awa ɗaya ne. Daga tasha za ki bi High Street ki hau Steep Hill, titin duwatsu mai tsananin hawa da ke santsi in an yi ruwa. Ki sa takalmi mai riƙe ƙasa, ki zuba kayanki a jakar goyo, ki ɗauki abin maƙale takarda guda huɗu, don iskar saman tudun tana da ƙarfi.