Ka rubuta "condone" kana nufin "condemn": ka goge yanzu

Tambaya: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. Bayan rikicin da aka rasa rayuka, na fitar da sanarwa a Facebook: "We condone the killings and we do not support neither side." Wani ya bugo min waya ya ce in cire tun kafin ta jawo mana masifa. Wallahi hankalina ya tashi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya bugo maka masoyinka ne. Ka goge, sannan ka ƙarasa karanta wannan.

"Condemn" shi ne yin Allah wadai. "Condone" kuwa kawar da kai ne daga laifi, kamar ka amince da shi. Wato a idon duk mai karatu, ƙungiyarku ta yarda da kisan. Kusan kullum ina cin karo da wannan, har a takardu masu ɗauke da hatimi, kuma abin da ke ƙona min rai shi ne masu cewa "ai an gane nufinka". Wa zai gane? Ɗan sandan da aka kai wa hoton rubutun ba zuciyarka zai duba ba. Iyalan mamacin ma haka. Tun 2019 Amurka ke neman sunayen shafukan sada zumunta na shekaru biyar daga masu neman biza, kuma jami'in ba zai kira ka ya ji abin da kake nufi ba. Malaman Turancin bogi da ke koya wa yara cewa babbar kalma ita ce ilimi, su suka jefa mu cikin wannan. In kana shakkar kalma, ka bar ta. "We are against the killings" ta wadatar, yaron firamare ma zai fahimta.

Rabin jimlar na biyu gyaransa da sauƙi. "Neither" na ɗauke da korewa a cikinta, ba a haɗa ta da "not". Ka ce "We support neither side" ko "We do not support either side."

Sai dai ka lura, rashin ɗaukar ɓangare daban, ƙin tashin hankali daban. Ƙungiyar Red Cross ta sa "neutrality" cikin ƙa'idojinta bakwai a birnin Biyana (Vienna) na ƙasar Austria a 1965, ma'ana ba ta shiga faɗa. In ka tsaya a "We are neutral" bayan an kashe mutane, masu makoki za su ɗauka ba ruwanku da jininsu. Ka faɗi duka biyun, Allah wadai a gaba: "We condemn the killings. We take no side in this dispute." Kafin ka wallafa, ka ba wani malamin Turanci ya karanta da ƙarfi a gabanka.